Rubutun da Ba Wanda Ya Sa Ka: Takaici da Ladan Marubucin Sha'awa a Zamfara

A Gusau, da Ƙauran Namoda, da Talatar Mafara, akwai wasu mutane da idan an sallame sallar isha'i, gida ya yi shiru, sai su jawo waya su fara wani aiki da babu wanda ya ɗora musu shi. Akwai malamin firamare mai rubuta tarihin garinsu kashi-kashi, akwai ma'aikaciyar jinya mai yi wa mata bayanin awon ciki da Hausa mai sauƙi, akwai ɗan kasuwar hatsi da duk mako yake bayyana dalilin hawa ko saukar farashin tiyar gero, akwai kuma ɗalibin da ke zuba tunaninsa game da halin da ƙasa ke ciki. Na shafe shekaru ina cikin wannan ayari, kuma tambayar da aka fi yi mini a majalisa, da harshenmu na gida, ita ce: "Wai Malam, mi kaka samu ciki?" Tambaya ce mai nauyi, domin amsarta ta gaskiya ba ta fita da kalma ɗaya, kuma yawancin waɗanda suka fara wannan aiki da zafi suka watsar da shi bayan 'yan watanni sun watsar ne saboda ba su taɓa zama sun warware wa kansu ita ba.

Ya kamata a fara da bambance wanda ake magana a kansa. Ɗan jarida yana da ofis, yana da edita, yana da albashi ko da ba ya zuwa a kan kari. Wanda ɗan siyasa ya ɗauka don ya riƙa yabonsa da sukar abokan hamayya shi ma yana da ubangida, kuma ya san abin da ake biyansa ya faɗa. Marubucin sha'awa kuwa shi ke zaɓar abin da zai yi magana a kai, shi ke tsayar wa kansa lokaci, shi ke biyan kuɗin data, shi ne kuma zai amsa idan maganar ta jawo tambaya. A da can, wanda ke son jama'a su ji ra'ayinsa sai ya rubuta wasiƙa ya kai gidan waya, ya aika wa Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939, ko Sashen Hausa na BBC da ya fara watsa shirye-shirye a 1957, sannan ya zauna jiran makonni ko za a buga ko a karanta. Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, da yaɗuwar manyan wayoyi daga baya, da sanya Hausa cikin harsunan Facebook a 2016, sun kawar da wannan jira gaba ɗaya. Sai dai editan da aka huta da shi ba tsare ƙofa kaɗai yake yi ba: shi ke gyara kuskure, shi ke cire maganar da za ta kai mutum kotu, shi ke kai rubutu hannun masu karatu. Duk waɗannan ayyuka yanzu sun tattaru a wuyan mutum ɗaya, kuma daga nan ne yawancin takaicin ke tasowa.

Wahalar kayan aiki kowa ya san ta, ba sai an tsawaita ba. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka mutum kan bar wayarsa a shagon mai caji, tunanin da ya zo masa da rana ya gudu kafin dare. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, alhali albashin malamin makaranta yana fama da buhun masara. Yawancinmu kuma da manyan yatsu biyu muke rubuta maƙala mai kalmomi dubu, a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba. Abin da ba a cika ambata ba shi ne matsalar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya damu da Hausa ba zai so ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ba, ko "kafa" a maimakon "ƙafa", ko "baki" a inda ake nufin "baƙi", shi ya sa yake sanya allon rubutun Hausa a wayarsa, yana danne harafi har mai lanƙwasar ya fito. Bayan wannan wahala sai ya tarar mai neman bayani yana rubuta kalmar ba lanƙwasa, kuma sau da yawa na'urar bincike ba ta haɗa su, ta yadda rubutun da aka fi kula da ƙa'idarsa shi ne ya fi wuyar samuwa. Ni dai na zaɓi in ci gaba da lanƙwasa haruffana, domin yaron da ke koyon karatu da abin da yake gani a waya zai ɗauka abin da ya gani shi ne daidai.

Mu a Zamfara mun ga abin da marubutan wasu jihohi ba su gani ba. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta lokacin Gwamna Bello Matawalle, aka umarci kamfanonin sadarwa su katse layukan waya da intanet a faɗin jihar, a matsayin wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga, tare da rufe kasuwannin mako-mako da hana sayar da fetur a jarka. An ce mako biyu ne da farko, amma Gusau ba ta samu sabis ba sai bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa maƙwabtan jihohi don kawai su kira 'yan uwa ko su tura kuɗi. A wannan tsakani na gane cewa duk abin da na rubuta a shekarun baya ba ya hannuna, domin ban ajiye kofi ko ɗaya a takarda ko a kwamfuta ba, kuma rana ɗaya aka raba ni da shi ba tare da an ƙone ko shafi guda ba. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022.

Darasin ya wuce batun gwamnati. Marubucin sha'awa a gonar aro yake noma, kuma mai gona yana iya karɓe abarsa ranar da ya ga dama. Kamfanin Google ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama, musamman mata, ke ɗora labaransu suna sayarwa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ana iya rufe wa mutum asusu saboda wasu sun haɗa baki sun kai ƙararsa, ko ɗan damfara ya yi masa kutse ya kwashe mabiyan da ya tara cikin shekaru. Wanda ya ce zai kauce wa wannan ta hanyar mallakar adireshin intanet nasa na kansa, zai riƙa biyan kuɗin sunan adireshin da na masaukin da ake ajiye masa shafin duk shekara, kuma yawancin wannan kuɗi da dala ake lissafa shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, saboda haka abin da mutum ke biya da rarar albashi ya koma abin da sai ya yi shawara da iyali, kuma rubuce-rubuce masu amfani da yawa sun ɓace a wannan lokaci don kawai masu su sun kasa sabunta biya.

Duk da haka, idan aka tambayi waɗanda suka daina, ba kasafai suke ambatar caji ko dala ba. Shiru ne ke kashe musu gwiwa. Mutum zai yi mako guda yana tambayar dattawa, yana duba takardu, ya rubuta bayani a kan dutsen Kwatarkwashi ko noman rani a Bakolori, ya saki, sannan ya riƙa leƙa waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, a ƙarshe ya ga 'yan tsirarun abokai ne suka taɓa. Washegari wani ya ɗora layi biyu na zagin wani malami ko wata 'yar fim, kafin azahar dubbai sun taru. Wannan yana da dalili, kuma sanin dalilin yana rage raɗaɗin. Kamfanonin da ke da waɗannan dandali da talla suke cin abinci, tallar kuma tana biya ne gwargwadon daɗewar ido a kan gilashi. Saboda haka suka tsara manhajarsu ta riƙa lura da abin da ya fi sa mutane tsayawa, da mayar da martani, da turawa gaba, sai ta ƙara yaɗa shi, abin da aka wuce da sauri kuma ta danne shi. Fushi da gulma da tashin hankali sun fi nazari saurin motsa yatsa, gajeren bidiyo kuma ya fi doguwar maƙala riƙe ido. Ga shi kuma al'ummarmu ta saba da sauraro tun zamanin rediyo, kuma akwai ɗimbin mutane masu ilimi da suka fi sakewa da ajami ko Larabci a kan boko, waɗanda saƙon murya ya fi musu sauƙi. Adadin da marubuci ke gani a ƙarƙashin rubutunsa, ke nan, ma'auni ne na abin da ke kawo wa kamfani kuɗi, kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin ma'aunin darajar aikinsa zai yi wa kansa hukuncin da bai dace ba.

Haɗarin da ke cikin wannan shiru ya fi takaicin kansa girma, domin yana sauya mutum sannu a hankali. Na ga marubuta masu nutsuwa da suka lura cewa ranar da suka yi zafi aka fi kula su, sai suka ƙara zafin, bayan shekara guda ba ka gane alƙalaminsu. Mai bayanin tarihi ya koma mai neman faɗa da ƙungiyoyin addini, mai sharhin noma ya koma mai yaɗa hoton gawa. Ba wanda ya saye su da kuɗi, tafi ne kawai ya ja su, kuma irin wannan asara ta fi ta wanda ya ajiye rubutu ya koma harkarsa ciwo a wurina.

Sai satar rubutu, wadda kusan duk wanda ya rubuta abu mai kyau da Hausa ya ɗanɗana. Za ka rubuta, wani ya kwafe ya goge sunanka ya ɗora nasa, ko ya jefa a zaurukan WhatsApp da "an turo mini" a ƙasa, ko mai tashar bidiyo ya karanta shi kalma da kalma da muryarsa ya karɓi kuɗin talla: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta shafi abin da aka wallafa a intanet, har ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata, amma malamin makaranta a Bunguɗu ba shi da lokaci ko kuɗin bin wannan hanya a kan maƙala ɗaya. Wasu kan ce a yi haƙuri, ai ilimi ne ya yaɗu. Ban yarda da wannan ba, kuma dalilina ba son a san ni ba ne. Malamanmu na zaure ba sa kawo magana sai sun faɗi daga wa suka ji ta, domin ta haka ake sanin wadda za a dogara da ita da wadda za a ajiye. Rubutun da aka yanke wa suna ya rasa wanda za a koma wa idan an ga kuskure, kuma kowa na iya ƙara masa layi ko rage masa. Na taɓa samun wani rubutuna ya dawo mini bayan ya yi yawo, an cusa masa zargi a kan wata ƙabila wanda ban taɓa furtawa ba, kuma babu hanyar da zan bi duk inda ya shiga in wanke shi.

A jiha irin tamu kuma akwai tsoro na haƙiƙa, wanda marubucin da ke zaune a wuri mai kwanciyar hankali ba zai fahimce shi da sauƙi ba. Idan aka kai hari wani ƙauye, zuciya tana so ta yi magana nan take, amma ambaton sunan wanda ya ba ka labari na iya zama ajalinsa, domin kowa ya san ɓarayin daji suna da masu kai musu rahoto, kuma su ma suna riƙe da waya. Faɗin hanyar da jami'an tsaro suka bi, ko bayyana cewa dangin wanda aka sace suna da hali, na iya ɓata aiki ko ƙara kuɗin fansa. Hoton da aka turo maka da cewa na jiya ne a Maru yana iya zama na wata ƙasa, na shekarun baya. Ta ɓangaren hukuma kuma akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda a yadda aka fara rubuta shi ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3 ko tarar da za ta kai naira miliyan 7 a kan saƙon da aka ɗauka na cin mutunci ko na ƙarya don tayar da hankalin wani, kuma an yi amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a sassan ƙasar nan. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma an yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi, amma wanda ba shi da lauya ko ƙungiya a bayansa ya san cewa kwana biyu a tsare ya isa ya girgiza gida kafin a zo maganar abin da doka ta ce.

Mafi yawan lokuta ma abin ba ya kaiwa ga hukuma. Garuruwanmu ƙanana ne ta fuskar zumunci, ta yadda shugaban ma'aikatar da ka soki aikinta zai kasance surukin maƙwabcinka ne, kuma ba kai za a kira ba, mahaifinka ko yayanka za a samu bayan sallar asuba a ce ya ja maka kunne. Duk abin da ka rubuta kuma sai an nemo masa jam'iyya: idan ka yaba titi an saye ka, idan ka koka da asibiti 'yan adawa ne suka turo ka. Mata masu rubutu suna ɗaukar ninkin wannan, domin maimakon a amsa hujjarsu sai a koma kan aurensu da tarbiyyarsu, har wasu suka koma rubutu da sunan aro ko suka yi shiru. Idan kuwa alƙalaminka ya fara tasiri, wata rana za a aiko maka da abin da ake kira kuɗin data, da fara'a da girmamawa, ba tare da an nemi komai ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya karɓa sau biyu zai ji hannunsa ya yi nauyi ranar da ya kamata ya rubuta gaskiya a kan mai aikowar.

Batun kuɗin halal da ake samu daga kamfanonin kansu yana buƙatar a faɗe shi ba ƙari, domin matasa da yawa da shi ake ruɗarsu. Tsarin tallar Google ba ya tura wa mutum kuɗi sai abin da ya tara ya kai dala 100. Cikakken tsarin raba kuɗin talla na YouTube yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Facebook ya buɗe wa 'yan Nijeriya hanyar samun kuɗi a 2024, amma masu bidiyo ne suka fi cin moriyarsa. Farashin talla kuma yana bin ƙarfin aljihun mai kallo, don haka mai karatu a Gummi ba ya kawo abin da mai karatu a Amurka ke kawowa. Waɗanda na ga sun samu abin kirki daga rubutun Hausa zalla su ne marubutan ƙagaggun labarai da ke buɗe zaure na kuɗi, mai karatu ya biya kai tsaye kafin a saka shi, kuma su ma suna kuka da masu fitar da labarin waje. Mai sharhi da mai tarihi da mai wayar da kai ya fi masa alheri ya ɗauki abin kamar kiwon tantabara ko doki: yana cin kuɗi, ana yin sa don ƙauna, idan wata riba ta biyo baya a gode wa Allah.

To, me ke riƙe waɗanda suka daure? Lada na farko yana zuwa tun kafin kowa ya karanta, domin rubutu yana tona wa mutum iyakar saninsa. Na girma ina jin ana cewa Sarkin Katsinan Gusau, ban taɓa tambayar abin da ya kawo Katsina cikin sarautar babban birnin Zamfara ba, sai ranar da na zauna zan rubuta, jimla ta biyu ta tsaya mini. Neman amsar ya kai ni ga 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, wanda a da yake cikin ƙasar Katsina, da kuma Malam Sambo ɗan Ashafa wanda ya kafa Gusau a zamanin jihadi. Daga nan tambaya ta haifi tambaya: yadda Gobirawa suka ci tsohuwar daular Zamfara suka kafa Alƙalawa, yadda Alƙalawar ta faɗi a 1808, da dalilin da ya sa ake samun sarautar Sarkin Zamfara a Anka. A majalisa mutum na iya rufe giɓin iliminsa da ɗaga murya, amma a rubuce giɓin yana nan a fili, kuma wanda ya saba da cike shi kafin ya saki magana yana zama mai taka-tsantsan har a sauran al'amuransa.

Lada na biyu na harshe ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. Daidaitacciyar Hausar da ake koyarwa a makaranta, wadda da ita nake wannan rubutu, an gina ta ne galibi a kan karin Kano. Mu kuwa a gida "munka tahi kassuwa" muke cewa, muna cewa "hwarin wata", da "wanga" da "wagga", da "shina zuwa", muna kiran 'ya'ya "ɗiya". An daɗe ana sa yaranmu jin cewa wannan karin na barkwanci ne a fim, ko kuskure ne da malami zai ja wa jan biro. Marubucin sha'awa, da yake ba shi da editan da zai goge masa, yana iya rubuta bayaninsa da daidaitacciyar Hausa don kowa ya fahimta, amma ya bar maganar tsohuwa yadda ta fito daga bakinta, ya rubuta sunayen ciyayi da na kayan noma da na sassan ɗaki yadda ake kiransu a Shinkafi ko Zurmi. Kalmomi da yawa na masaƙa da marina da maƙera suna tafiya tare da masu sana'ar, kuma ƙamus bai kama su duka ba. Duk wadda aka rubuta cikin jimla, da ma'anarta a gefe, ta samu wurin zama. Ɗalibin da zai nemi bayani da Hausa a waya ba zai tarar da komai ba face abin da wani ya zauna ya rubuta, kuma idan mu ba mu rubuta namu karin ba, babu wani kamfani a waje da zai yi mana.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne ginshiƙin al'amarin. Duniya ta san Zamfara da alƙaluman musiba. Ta san gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta san ɗalibai mata 279 da aka sace a Jangebe a Fabrairun 2021, ta san adadin waɗanda aka kashe a kowane mako. Waɗannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a faɗe su. Amma wakilin da ya zo daga Abuja ya kwana biyu ya koma ba zai rubuta yadda jirgin ƙasa da ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga ba, ko yadda unguwanni a Gusau suka rayu da masaƙa da injinan gurzar auduga kafin su durƙushe, ko yadda matan da suka gudo daga ƙauye suke haɗa adashi a kangon da suka fake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda ba ya yoyo. Maƙwabtanmu na Kabi suna da irin wannan aiki a gabansu: kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, amma rayuwar masunci a sauran watannin shekara, da bikin Uhola na ƙasar Zuru, da lissafin manomin shinkafa a fadama tsakanin kuɗin fetur na ban-ruwa da farashin buhu, sai ɗan gida ne zai rubuta su yadda suke. Ƙasar da Gwandu take cikinta, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana rubutu almajirai suna kwafa da hannu, ba baƙuwar aikin alƙalami na sa-kai ba ce.

Masu karatun irin wannan rubutu ba su da yawa, kuma ba sa zuwa da wuri, amma idan sun zo ana jin nauyinsu. Bayan watanni, lokacin da ka manta da maƙalar, sai wani ɗan Zamfara da ke aiki a Legas ko Makka ya aiko cewa ya karanta wa 'ya'yansa don su san garin kakansu. Wani malamin jami'a ya gyara maka shekara cikin ladabi, daga nan ku zama abokan shawara. Wani daga Maraɗi ya gaya maka cewa su ma haka suke kiran kalmar. A wasu lokuta amfanin yana fitowa a zahiri, a samu masu ba da jini ga mara lafiya, ko a gyara rijiyar burtsatse da aka yi shekara ana kuka da ita, ko da yake tara kuɗin taimako amana ce mai haɗari, wadda duk wanda ya shige ta ba tare da bayyana lissafi dalla-dalla ba zai iya zubar da mutuncin da ya tara.

Tun bayan katse layin 2021 na sauya yadda nake aiki. Ina fara rubutu a littafi, in kwafa a waya, in ajiye kofi a wuri biyu, kuma duk ƙarshen shekara nakan kai shagon kwamfuta a buga mini abin da na ga ya cancanta a ɗinke. Maganar tsaro ba na sakinta sai ta kwana, kuma sai na ji ta daga bakin mutum biyu da ba su haɗu ba. A damina ta bara wani dattijo da ke zaune a unguwarmu, wanda mutanen ƙauyensu suka watse gaba ɗaya saboda hare-hare, ya sa jikansa ya kira ni bayan ya ji an karanta masa wani rubutuna. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce: "Ɗana, an ce kai ka rubuta abubuwa. Ɗauko takarda." Ya yi kusan awa biyu yana lissafa mini unguwannin ƙauyen, da sunayen rijiyoyi da wanda ya gina kowace, da fadamu, da tsamiyar da ake sallar idi a gindinta, da gidajen da suka fara zama da inda suka fito. Na ce: "Baba, in saki wannan kowa ya gani?" Ya ce in cire sunayen waɗanda ke raye, sauran in saki, domin jikokinsa da aka haifa a Gusau ba su taɓa ganin wurin ba. Na saki kashi na farko a makon, na ba jikan kofi biyu a takarda, kuma har yanzu mutanen ƙauyen da ke warwatse a Funtuwa da Sakkwato da Kano suna aiko mini da sunayen da dattijon ya tsallake, ina ƙarawa.